Ciyawar Tekun Ƙanƙara Da Yadda A Ke Gane Ta Da Launi

Manomin da ya san aikinsa ba sai ya tumɓuke dawa zai san lafiyarta ba. Daga bakin gona ya ke tsayawa ya dubi ganye. In ya ga kore shar, ya san ƙasa na da ƙarfi. In ya ga ganyen ƙasa ya fara rawaya, ya san taki ya gaza. To, yau za mu ba ku labarin waɗansu masana da ke yin irin wannan duba, amma gonarsu teku ce, can ƙarshen duniya, kudu da arewa, inda ruwa ke daskarewa ya zama ƙanƙara.

Kun dai san gansakuka, koren nan da ke bayyana a kududdufi ko a randar da aka daɗe ba a wanke ba. Teku ma tana da irin nata, sai dai ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganin ɗaya sai da madubin likita. Ba su da saiwa, ba su da ganye, ruwa ke yawo da su. Masana na kiransu faitofilankiton, mu kuwa a nan za mu ce musu ciyawar teku. Kada ƙanƙantarsu ta sa ku rena su. Wajen rabin abincin da tsire-tsiren duniya duka ke haɗawa da hasken rana, su ke haɗa shi. Kuma kusan duk mai rai a teku, ko dai su ya ke ci, ko ya ci wanda ya ci su.

A tekun kudu, wadda ta kewaye ƙasar Antatika, akwai wani ƙwaro mai kama da jatan lande, tsawonsa kamar inci 2, ana ce masa kiril. Shi ke kiwon ciyawan nan, sa'an nan kifaye da tsuntsaye da ƙatuwar dabbar ruwan nan da Turawa ke kira wel su kuma su ci shi.

Can ma suna da damina da rani, amma haske ke yi musu su. Da sanyinsu rana ta kan ɓace makonni, wani wurin watanni, ƙanƙara ta rufe teku. Ciyawa sai ta lafe, wata ta maƙale a gindin ƙanƙara tana jira. In rana ta komo, watau daidai lokacin da mu ke cikin hunturu, sai ƙanƙarar tekun kudu ta narke, faɗin abin da ke narkewa ko wace shekara ya fi Nijeriya sau 15. A bakin narkewan nan ciyawa ke tashi kamar harawa bayan ruwan fari. Tun cikin tafiyar James Clark Ross, daga 1839 zuwa 1843, wani saurayi masanin tsire-tsire mai suna Joseph Hooker ya ga ƙanƙara ta rine ta yi ruwan ƙasa. Da aka duba, ashe ciyawa ce, irin wadda a ke kira dayatom, mai ɓawo na gilashi. Daga 1925 kuma Ingila ta soma aika jiragen bincike, na farkonsu Discovery, da kuɗin harajin man wel, don a san abin da dabbar ke ci kafin maharba su ƙare ta.

To, ƙaƙa za a ƙidaya abin da ido ba ya gani, cikin tekun da ba ta da iyaka? Ƙidaya da madubi aiki ne mai cin rai, kwalba ɗaya ta kan ci wa mutum yini, waɗansu irin kuma su kan fashe in an zuba musu maganin ajiya. Saboda haka aka koma ga launi.

Dukansu suna da koren nan da ke cikin ganyen dawa da na kuka, wanda a ke kira kulorofil. Shi ke kama hasken rana. Auna yawansa cikin ruwa shi ke nuna yawan ciyawa bisa ƙiyasi. Amma ban da kore, ko wace zuriya tana da wani rini nata na dabam, kamar yadda tsagar fuska ke nuna asalin mutum. Dayatom suna da wani mai ruwan ƙasa, fukozantin, shi ne ya rina ƙanƙarar da Hooker ya gani. Waɗansu 'yan mitsi-mitsi, kiriftofait, nasu alozantin ne. Akwai kuma wata mai yauƙi, Fiyosistis, wadda ke cika Tekun Ross, ita ma da alamarta. Amfanin rinin nan shi ne, ruwa na shanye jan haske tun daga sama, mai zurfafawa shi ne shuɗi da kore, su kuwa suna iya kama irin hasken da kulorofil ke saki. Waɗansu rinin kuma laima ne, suna kare tsiron in rana ta yi masa yawa, gama wanda ya yi watanni cikin duhu haske na iya ƙona shi.

Dabarar raba launin wani Barashe ne, Mikhail Tswett, ya fito da ita cikin 1903. Ya jiƙa ganye ya tace, ya zuba ruwan cikin bututun da ya cika da garin alli. Sai launuka suka rabu, ko wane ya tsaya a matsayinsa, kore nan, rawaya can. Akawu ya san wannan ko bai sani ba: ɗiga tawada a takardar shan tawada, ka ɗiga ruwa a kai, wani sa'i ka ga baƙin ya rabu launi biyu ko uku. Mai son gwadawa ya daka ganyen zogale, ya jiƙa da sifirit, ya tsayad da sandar alli a ciki, ya ga abin da zai hau.

Yau na'ura ke yi, amma asalin ɗaya ne. Jirgi ya tsaya, a zura kwalabe da igiyar ƙarfe, a ɗebo ruwa daga zurfi dabam dabam. A tace shi da wani ɗan faifan takarda cikin ɗaki mai duhu-duhu, don haske na ɓata rinin. A daskarad da faifan nan da nan. In an komo gida a narke rinin, na'ura ta tura shi cikin siririn bututu, ta rubuta ko wane da yawansa. Cikin 1996 masanan Ostareliya suka fito da wani lissafi na kwamfuta, CHEMTAX, mai juya awon rini ya faɗi kason ko wace zuriya cikin ruwan.

Sai dai launi na iya ruɗi. Shukar da ta tashi a inuwa ta kan fi ta fili kore, ba don ta fi ta ƙwaya ba. Haka ciyawar teku, in haske ya yi ƙaranci sai ko wace ta ƙara kulorofil. Wanda ya auna kore kaɗai sai ya ce ta yi yawa, alhali yawanta na nan yadda ya ke. Shi ya sa masu hankali daga cikinsu ba su yar da madubi ba.

Tun 1978 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam mai duba launin teku, wani ya biyo baya cikin 1997, na 2024 mai suna PACE ya fi su duka rarrabe launi. Amma tauraro ba ya gani ta cikin girgije ko ƙanƙara, ba ya gani cikin dogon dare. Cikin Yuli 2011 jirgin Amurka mai fasa ƙanƙara, Healy, ya shiga Tekun Chukchi, arewa da Alaska, ya tarad da ciyawa ta yi kauri a ƙarƙashin ƙanƙara har fiye da mil 60, inda a da a ke zaton ba kome. Ƙanƙarar ce ta yi sirara, ruwan da ya narke ya kwanta a kanta, haske na ratsawa kamar ta taga.

Yanzu ga abin da zai fi jan hankalin manomi. Tekun kudu cike ta ke da abincin tsiro, irin wanda mu ke saye cikin buhun yuriya da sufa, amma yawancinta ciyawa ba ta tashi sosai. An daɗe ana mamaki. Tun wajen 1930 waɗansu suka yi zargin rashin ƙarfe ne, sai cikin 1990 wani Ba'amurke, John Martin, ya tsaya a kan maganar da awo mai tsabta. Tsiro ba ya haɗa kulorofil sai da ɗan ƙarfe. Kun ga gyaɗar da sabon ganyenta ya yi fari-fari, jijiyoyi kaɗai suka rage kore? Sau da yawa ciwon ke nan. Teku kuwa daga ƙura ta ke samun ƙarfe mai yawa. Ƙuran nan ta hunturu da mu ke kuka da ita, wadda ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, in ta wuce mu ta kan zuba a tekun Atlantika ta zama taki. Tekun kudu ta yi nisa da hamada, rabonta kaɗan ne.

Cikin Fabrairu 1999 aka gwada. Jirgi ya zuba ruwan ƙarfe a wani fili na teku, kudu da Ostareliya, mai faɗin eka wajen 12,000. Cikin kwana 13 kore ya ninka wajen sau 6, ita ciyawar kanta wajen sau 3, har tauraro ya hango wurin bayan jirgi ya tafi. Nan fa waɗansu suka ce a yi ta zuba ƙarfe, ciyawa ta shanye hayaƙin da ke ɗumama duniya ta nutse da shi. Amma da Indiya da Jamus suka gwada cikin 2009, a ruwan da ba shi da isasshen abin yin ɓawon gilashi, dayatom ba su tashi ba, abin da ya tsiro kuwa ƙwari suka cinye, kaɗan ne ya nutse. Mu a ganinmu taki ɗaya ba ya yi wa ko wace gona, balle gonar da ba a gama saninta ba. An kuma gano kashin wel na da ƙarfe ƙwarai. Watau kamar shanun Fulani ne a sauran gona, suna ci suna mayarwa, maharba kuwa sun kashe su fiye da miliyan ɗaya a tekun kudu cikin ƙarni na 20.

Abin da ya sa a ke ta awon nan shekara da shekaru, ƙanƙarar na canzawa. A yammacin hancin Antatika, inda Amurka ke da tashar Palmer, an lura in ruwan narkewa ya yi yawa sai alozantin ya hau, watau ƙananan sun karɓe wurin dayatom. Kiril kuwa ba ya iya tace ƙananan sosai. Kamar makiyaya ce da ciyawar kirki ta ƙare, wadda dabba ba ta ƙoshi da ita ta maye, daga nesa duka kore ne. A tekun arewa kuma, awon tauraro ya nuna abin da ciyawa ke haɗawa ya ƙaru da kashi 57 cikin 100 tsakanin 1998 da 2018.

'Yan kasuwa ma maganar ta shafe su. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, da a ke kawowa daga Norway, Nijeriya na cikin manyan masu sayensa. Mafi daraja daga cikinsa a Tekun Barents ya ke girma, a bakin ƙanƙarar arewa, kafin ya gangaro tsibiran Lofoten yin ƙwai a kama shi a shanya. Ƙananan kifaye ya ke ci, su kuma ƙwarin ruwa, ƙwarin kuwa ciyawan nan. In ciyawa ta tashi da wuri ko ta makara, 'ya'yan kifin da suka ƙyanƙyashe ba su tarad da abinci a kan kari ba, kamun shekarun gaba ne zai ragu, mai saro kifi a Legas ko Kano kuma ya ji a farashi.