Ƙarfin Feshi Daban, Yawan Ruwa Daban

Duk mai noman rani ya san dabarar danne bakin tiyo da babban yatsa. Ruwa zai yi tsiri ya fesa nesa, kai ka ce inji ya ƙara ƙarfi, alhali abin da ke isa shuka bai ƙaru ba, wataƙila ma ya ragu. Haka jikin wanda ciwo ya kayar yake yi. Idan zuciya ta gaza, jijiyoyi sai su tsuke don awon jini ya tsaya daidai. Na'ura na nuna lamba mai kwantar da hankali, ƙoda da hanji kuwa suna can suna fama da ƙishi. Shi ya sa likitan ɗakin kulawa ta musamman ke neman wata lambar: lita nawa zuciya ke turawa a minti guda? A lafiyayyen baligi da ke hutawa, kusan 5 ce.

Auna ta shi ne aiki. Tun 1870 Bajamushe Adolf Fick ya kawo lissafin da ya dogara da iskar da jiki ke sha, amma sai a 1970 Jeremy Swan da William Ganz suka fito da siririyar mesa a Amurka, wadda ake zurawa ta jijiyar wuya, ta ratsa zuciya, ta tsaya a jijiyar huhu. Akan tura ruwan gishiri mai sanyi, kan mesar ya auna yadda sanyin ya wuce. Jini mai yawa nan da nan yake shanye sanyin. In kaɗan ne, sanyin ya daɗe. Hikima ce babba, sai dai tana iya rikita bugun zuciya ko ta shigar da ƙwayar cuta, kuma wani babban gwaji a Birtaniya a 2005 bai ga ta rage mace-mace ba. Yanzu an fi karkata ga hoton zuciya na sikanin, da na'urar da ke karanta bugun jijiyar hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarin ruwa. Injin da ke jan iska ruwa yake nema, amma wanda ya gaji ba zai ɗaga ba ko an tara masa kogi. A jikin mutum, in zuciya ta gaji, ruwan da ya yi rara huhu yake cikawa, numfashi ya gagara. To, yaya za a bambance? A kwantar da majinyacin, a ɗaga ƙafafunsa. Jini kimanin mililita 300 zai gangaro wa zuciya. Idan abin da take turawa ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, ruwa zai amfane shi. In bai motsa ba, a sauke ƙafafun, a nemi wani maganin.

A asibitin da babu waɗannan na'urori ma, a leƙa gonar kanta: fitsari nawa ya taru a awa, ƙafa ta yi sanyi ko da ɗumi, kuma in an danna farce, jan jininsa ya dawo cikin daƙiƙa 3 ko ya yi nawa.