Kasuwar Bakin Tafkin Gabar Aun

Sabha, babban birnin Fazzan a kudancin Libiya, ba ta san teku ba. Amma wanda ya bi titin Ubari ya yi yamma kamar kilomita 150, ya sauka daga kwalta a ƙauyen Takarkiba, ya ƙara kilomita 36 cikin tuddan rairayi, zai tarar da ruwa shimfiɗe tsakanin itatuwan dabino. Tafkin Gabar Aun ke nan, mafi shahara cikin tafkunan Ubari, ɗan'uwan Ummul Ma'i da Mafo da Mandara. A bakinsa akwai 'yar kasuwa wadda ba ta da ranar ci; isowar baƙo ce ke buɗe ta.

Cinikin a Sabha yake farawa. A nan baƙo ke shiryawa da direban Land Cruiser, a sayi fetur da ruwan sha da sukari da ganyen shayi. Direban ne madugun wannan zamani. A Takarkiba zai rage iskar tayoyi don kada mota ta nutse, ya karanta tudu da ido, ya san wanda ake hawa da gudu da wanda ake kewayewa. Da wuya mota ɗaya ta shiga ita kaɗai, don in ta kafe babu mai ja.

Da an ji ƙarar mota sai masu kaya su kwance ƙulli. Babu teburin kirki, sai tabarma ko mayafi a kan yashi. Yawancinsu Buzaye ne, wasu daga Nijar suka zo da aikin maƙeransu: sarƙar azurfa mai tambarin Agadas, zobba, awarwaro, 'yan kunne, wuƙaƙe masu kube na fata, jakunkuna masu tuntu, da rawuna shuɗɗa da baƙaƙe. Mai rawani shi zai naɗa wa mai saye, ya nuna masa yadda ake ja amawali ya rufe hanci saboda ƙura. Kafin yaƙin 2011 ana tayi da Larabci da Faransanci da Italiyanci, kuma mutumin Kano ko Maraɗi ba zai rasa wanda zai ce masa "albarka" ba, tunda Hausa ce harshen kasuwar Agadas. Gefe guda mai shayi na fifita gawayi, wani na ba da hayar allon sulu ga masu son gangarowa daga ƙololuwar tudu, wasu kuma sun faɗa ruwa, wanda gishirinsa ya yi yawan da mutum ke tasowa sama ko bai iya iyo ba.

Kafin azurfa, wata haja ce ta ciyar da wurin nan. Dawada, mutanen da suka zauna bakin tafkunan shekaru aru-aru, sun rayu ne da wasu ƙananan jajayen halittu masu kama da jatan lande da ke yaɗuwa cikin ruwan gishiri. Mata ke shiga da koma su kwaso, a kirɓa, a cura, a shanya, a ci da dabino, a kai saura kasuwannin Fazzan. Suna kuma haƙar kanwa su sayar wa fatake. Fazzan kuwa hanya ce ta ayarin da ke tasowa daga Kano da Borno, ya bi ta Gat ko Murzuk, ya nufi Tarabulus. A shekarun 1980 gwamnatin Gaddafi ta kwashe Dawada zuwa sababbin gidaje a kwarin Wadil Hayat. Kangon gidajensu na nan a bakin ruwa, baƙi na ɗaukarsa hoto, amma sana'ar ta tafi tare da masu ita.

Kakar sabuwar kasuwa daga Oktoba ne zuwa Mayu, kafin zafi da sauro su kori kowa. Ta yi albarka sosai bayan an ɗage wa Libiya takunkumi a 2003, lokacin da Turawa ke zuwa ayari-ayari, su tsaya a kufan Jarma, birnin Garamantawa na dā, su wuce duwatsun Akakus masu zanen mutanen farko. Yaƙin 2011 ya yanke wannan hanya. Faɗan Buzaye da Tubawa a Ubari, wanda ya ɓarke a 2014, ya ƙara rufe ta, har aka sa hannu kan sulhu a Doha a Nuwamban 2015. Direbobi suka koma wasu sana'o'i, maƙera suka rasa mai saye. Da ƙura ta lafa, 'yan ƙasar ne suka fara dawowa da iyalansu daga Tarabulus da Misrata da Bangazi.

Jarin wannan kasuwa biyu ne: ruwa da amincin hanya. Tafkin Mandara ya riga ya ƙafe, kuma rijiyoyin burtsatse na gonakin kwari na ci gaba da zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa. Hukumomin Sabha da Ubari da dattawan ƙabilu na da aikin da ya rataya a wuyansu: a tsare hanya, a taƙaita haƙar rijiya kusa da tafkunan, a hana zubar da robobi a bakin ruwa. In suka yi haka, maƙerin Agadas da direban Sabha da manomin dabino duk za su ci abinci daga ruwa ɗaya.