Rage Gurɓatar Iska da Shara a Filayen Jiragen Sama

Gabatarwa

Tun shekarar 1925 da jiragen sama suka fara sauka a Kano, Bahaushe ya saba da ƙugin jirgi, musamman lokacin jigilar alhazai. Sai dai in ana maganar ɓarnar da jirgi ke yi wa muhalli, akasarin mutane hayaƙin da yake fitarwa a sararin sama kawai suke tunawa. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce ta nuna cewa akwai ɓarna mai yawa da ake yi tun jirgi yana ƙasa, kuma ita ce wadda hukumar fili ke da ikon ragewa da hannunta. Za mu dubi abubuwa uku, watau hayaƙi da wutar lantarki da shara.

Hayaƙin Jirgi a Ƙasa

Man jirgi dangin kananzir ne, kuma duk kilo ɗaya da aka ƙona yakan fitar da fiye da kilo 3 na iskar kabon mai ɗumama duniya. Jirgi ba ya daina shan mai don ya sauka. A wutsiyarsa akwai wani ƙaramin inji da ake tayarwa idan an kashe manyan, domin ya ba da wuta da sanyi a ciki yayin da ake sauke kaya da ɗaukar fasinja. Hayaƙin wannan inji kuwa 'yan dako da masu zuba mai ne ke fara shaƙarsa. Maganin abin shi ne a jawo wa jirgi wuta da iska mai sanyi daga ginin filin, a kashe injin. Haka kuma matuƙa kan tafi da inji ɗaya daga wurin tsayawa zuwa bakin titin tashi. A shekarar 1997 filin Zurik na ƙasar Suwizalan ya fito da wata dabara, inda ya sa kuɗin sauka ya danganta da yawan hayaƙin injin jirgi. Da haka kamfani mai tsohon inji ya ga cewa ƙazanta tana cin aljihunsa.

Wutar Lantarki

Babban fili tamkar gari ne wanda ba ya barci. Fitilun titin sauka da na'urorin sanyaya ɗaki da na binciken kaya duk suna aiki dare da rana, kuma inda wutar gari ba ta tsayawa sai a koma ga janareta mai shan gas. A nan filin Kochin da ke jihar Kerala ta Indiya ya zama abin misali. A shekarar 2015 ya kafa faifan hasken rana kimanin 46,000 a kan eka 45, masu ba da megawat 12, ya zama fili na farko a duniya da rana ke biya wa dukkan bukatarsa ta wuta. Da rana yakan tura rarar wutar cikin layin jiha, da dare ya karɓo abinsa. Har kayan lambu ake nomawa a tsakanin faifan, ruwan da aka wanke su da shi ya zama ban ruwa. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba filin lambar yabo ta muhalli. Abin lura shi ne, fegin da ke kewaye da titin jirgi dole ne a bar shi ba dogon gini, kuma ranar da ke dukan Kano da Sakkwato da Yamai ba ta gaza ta Kerala ba.

Shara

Fasinja kan bar gorar ruwa da leda da ragowar abinci. Filin San Faransisko na Amurka ya hana sayar da ruwa a ƙananan gorunan roba a 2019, ya tanadi famfunan da matafiyi zai cika tasa gorar. Amma batun shara ya wuce tsafta, domin ya shafi rai. Juji yakan tara tsuntsaye irin su shirwa da ungulu da balbela, kuma tsuntsu ɗaya in ya faɗa cikin inji lokacin tashi yana iya kashe injin. Saboda haka ne Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya ta ba da shawarar a sa ido kan duk wani juji ko abin da ke jawo tsuntsaye a cikin kilomita 13 daga fili. Inda gari ya girma har ya kewaye filinsa, kamar Kano, wannan aiki ba na hukumar fili kaɗai ba ne; ya haɗa da hukumar kwashe shara da mahauta da masu unguwanni.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa waɗannan matakai ba su jiran a ƙera sabon jirgi. Abin da suke bukata shi ne tsari da kulawa, kuma yawancinsu suna rage kashe kuɗi. Masu cin moriyarsu na farko su ne ma'aikatan fili da mazauna unguwannin da jirgi ke ratsawa ta kansu kowace rana.