Jibril Aminu: likitan zuciyar da ya kai makaranta ruga

Idan kun taɓa bi ta gefen wata ruga kuka ga yara a gindin bishiya, an jingina allon malami da kututture, shanu na kiwo can nesa, to kun ga wani yanki na aikin Farfesa Jibril Aminu. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 5 ga Yuni, 2025, yana da shekara 85.

Wane ne shi?

An haife shi a 1939 a garin Song, cikin jihar Adamawa ta yanzu. Likitanci ya karanta a Jami'ar Ibadan, ya gama a 1965, ya ƙaro karatu a Landan, ya ƙware kan ciwon zuciya.

To me ya haɗa likita da harkar ilimi?

A 1975 aka damƙa masa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato ofishin da ke tsara yadda jami'o'i za su gudana, a lokacin kuma shi ke raba musu kuɗin gwamnatin tarayya. A zamaninsa aka kafa sababbin jami'o'i bakwai, ciki har da na Kano, Sakkwato, Jos da Maiduguri. Ita ta Maidugurin shi ya shugabance ta daga 1980 zuwa 1985, kafin Janar Babangida ya naɗa shi ministan ilimi, kujerar da ya riƙe har 1989. Daga baya ya yi ministan man fetur, jakada a Amurka, sannan sanata. A ganina duk waɗannan ba su kai shekarunsa na ma'aikatar ilimi nauyi ba.

Mene ne ilimin 'ya'yan makiyaya?

Makarantar da muka saba gani gini ne a wuri guda, yaro ke zuwa ya same ta. Shi kuwa ɗan makiyayi, da rani iyayensa na kudu neman ciyawa da ruwa, da damina sun dawo arewa. Ina zai yi rajista? Amsar da aka bayar a lokacin Jibril Aminu ita ce, tunda yaron ba zai iya bin makaranta ba, makarantar ta bi shi. A 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, hedikwatarta tana Kaduna har yau.

Yaya abin yake aiki?

Inda ruga ta daɗe a wuri guda, akan gina aji. Inda ake yawan ƙaura, ajin tanti ne da ake naɗewa a tashi da shi tare da garke. Ana kuma daidaita lokacin darasi da lokacin kiwo, domin uban da aka ce ya zaɓi tsakanin shanunsa da boko, kun san abin da zai zaɓa. An tsara a fara koyar da yaro da harshen da yake ji, Fulatanci ko Hausa, kafin Turanci. Manya kuma rediyo ke isar musu da darasi. Kada ku ɗauka shirin na Fulani ne kaɗai. Daga baya an shigar da 'ya'yan masunta masu bin kifi a rafukan kudu, da na manoma masu ƙaura.

Nawa ake biya?

Bisa doka, karatun firamare a makarantar gwamnati kyauta ne, kuma wannan ma haka take. Hukumar tarayya ke tsara manhaja, wato jerin abin da za a koyar, ta samar da littattafai da horar da malamai. Albashi kuwa yana wuyan jihohi da ƙananan hukumomi, kuma a nan gizo ke saƙa. Malamin da aka tura daji, ba gida ba abin hawa, in albashinsa ya yi jinkiri ba ya daɗewa. Su ma iyaye suna biyan nasu kuɗin ta wata hanya: duk safiyar da yaro ke aji, sai an samu wanda zai kora garken. Yanzu kuma satar shanu da rashin tsaro sun tashi rugage da yawa a Zamfara, Katsina da Kaduna, makarantunsu suka watse tare da su.