Ƙwayar cutar da ta shiga bawul ɗin zuciya ta iskar ɗakin tiyata

Zuciyar ɗan Adam tana da bawul huɗu, wato ƙofofin da ke buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya koma baya. Idan ɗaya ya lalace, likitoci kan cire shi su sa na ƙarfe, ko wanda aka yi da tsokar dabba. Aikin yana ceton rai, amma yana da nasa rauni. Bawul ɗin da aka dasa ba shi da jijiyoyin jini, don haka sojojin jiki ba sa kai wa gare shi yadda ya kamata. Bakteriya in ta samu wuri a kansa, sai ta lulluɓe kanta da wani yauƙi mai kauri wanda magani ke shan wahalar ratsawa.

Yawanci masu wannan ɓarna sanannu ne, irin su Staphylococcus da ke zaune a fatar mutum. Suna tsiro da wuri a ɗakin gwaji, cikin kwana biyu ko uku an gane su. Wadda za mu yi magana a kanta daban take.

A shekarar 2013 likitoci a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan suka ba da rahoton majinyata biyu da aka yi wa tiyatar zuciya, daga baya aka samu wata ƙwaya mai suna Mycobacterium chimaera a jikinsu. 'Yar dangin ƙwayar tarin fuka ce, amma mazauninta ruwa da ƙasa. Sai a 2004 ma aka raɗa mata suna, an kuma aro shi daga wata dodanniya ta tatsuniyar Girkawa mai haɗa zaki da akuya da maciji, saboda ita ma halittarta ta ɗebo kamannin 'yan uwanta da dama. Kafin nan an fi saninta da huhun mutanen da dama huhun nasu ba lafiya. To me ya kai ta zuciya?

Amsar tana cikin wata na'ura da ke tsaye a gefen ɗakin tiyata. Lokacin da aka tsayar da zuciya don a yi aiki, wani inji ne ke karɓar aikinta da na huhu. Ana kuma buƙatar sanyaya jinin majinyaci sannan a ɗumama shi daga baya, kuma wata na'ura mai tankin ruwa ce ke yin wannan. Ruwan ba ya taɓa jini ko kaɗan, zafi kawai suke musaya ta bayan bango, shi ya sa babu wanda ya damu da shi sosai. Ashe ƙwayar ta yi gida a cikin tankin. Ruwa yana motsi, ƙananan ɗigo da ido ba ya gani suna fita ta kafofin na'urar, fankar da ke sanyaya injin kuma tana hura su cikin ɗaki. Masu bincike sun gwada da hayaƙi, suka ga iskar fankar tana iya kai shi har kan teburin aiki, inda ƙirjin mutum yake a buɗe.

Da aka fara nema, sai ga cutar a Jamus, Holan, Birtaniya, Amurka da Ostareliya. A 2017 wani bincike da ya kwatanta ƙwayoyin halittar bakteriyar ya nuna cewa wadda aka samu a majinyata na ƙasashe daban-daban kusan iri ɗaya ce da wadda aka samu a masana'antar da ke ƙera na'urar 3T ta kamfanin Sorin a Jamus. Ma'ana, na'urori da yawa sun baro masana'anta ɗauke da ita. A Oktoban 2016 hukumar CDC ta Amurka ta ƙiyasta cewa a asibitin da aka samu ko mutum ɗaya da cutar, haɗarin yana tsakanin 1 cikin 100 da 1 cikin 1,000. Kaɗan ne, amma kusan rabin waɗanda aka ba da rahotonsu a farko sun rasu.

Abin da ya sa take kisa haka shi ne jinkirinta. Mutum zai warke daga tiyata, ya koma gida, ya shekara ɗaya, biyu, wani ma fiye da biyar, sannan ya fara zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, da gumin dare, da rama, da kasala. Wa zai tuna da aikin da aka yi tun shekarun baya? Idan an ɗauki jini an shuka, yawanci kwana biyar ake jira, in ba abin da ya tsiro a ce babu komai. Ita kuwa tana buƙatar kwalba ta musamman da haƙurin makonni, wani lokaci har shida ko takwas. Hoton zuciya ma kan iya fitowa lafiya lau a farko, alhali ta riga ta bazu zuwa hanta, saifa, ɓargo da ƙoda. Sau da yawa likitan ido ne ke hango tabonta a can bayan ƙwayar ido. Wasu majinyatan an ɗauka wata cutar kumburi ce mai suna sakoyidosis, aka ba su magungunan da ke danne garkuwar jiki, abin ya ƙara muni.

A ganina wannan ne wurin da ya fi shafar mu. Ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta ya sa matasa da yawa a ƙasashenmu suna yawo da bawul ɗin dashe, wasu a waje aka yi musu aikin. Ga shi kuma zazzaɓi da rama a wurinmu sunansu maleriya ko taifot ko tarin fuka. Gwajin GeneXpert da ake yi na tarin fuka ba ya gano wannan ƙwaya, kuma maganin tarin fuka na yau da kullum ba ya isar ta. Duk mai bawul ɗin dashe da zazzaɓinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya gaya wa likita shekarar da aka yi masa aiki da asibitin da aka yi, kafin ya fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin maganin kan ɓoye sakamakon gwajin jini.

Magani kuwa doguwar tafiya ce. Ana haɗa uku ko huɗu, irin su azithromycin da ethambutol da rifabutin, wani lokaci da allurar amikacin, a sha fiye da shekara. Saboda yauƙin nan da ƙwayar ke ɓuya a ciki, galibi sai an sake buɗe ƙirji an canza bawul ɗin. Asibitoci da dama yanzu sun fitar da na'urar daga ɗakin tiyata gaba ɗaya, bututun ruwan kawai ke ratsa bango ya shigo.