Shirin Musamman: Tsohuwar Burauza a Wayoyinmu da Kwamfutocinmu

Shirinmu na yau zai duba wani abu da ke cikin aljihun da yawa daga cikinmu, amma ba kasafai muke kula da shi ba, wato burauza, manhajar da ke buɗe shafukan intanet a waya ko a kwamfuta. A wayar da aka saita da Faransanci za ka ga an rubuta Navigateur, a wata kuma Internet kawai, ƙarƙashin ɗan hoton duniya mai shuɗi.

Na san wani zai ce shi ban da WhatsApp ba abin da yake taɓawa a waya. To ɗan uwa, duk ranar da aka turo maka shuɗin rubutun nan a zauren WhatsApp, aka ce latsa ka samu kyautar mega, ko ka yi rajistar tallafi, ko ka ga sakamakon jarrabawa, da ka latsa, burauza ce take karɓar aikin. Kuma idan ba ka taɓa zaɓar wata ba, wadda kamfani ya sako cikin wayar ita ce za ta buɗe. Ta nan lambar wayarka za ta wuce, ta nan kalmar sirrinka za ta wuce.

Burauza kamar darnin gida take. Ranar da aka kafa shi ƙarfi gare shi, amma kowace shekara sai an sake kara an ɗaure, in ba haka ba awaki za su gano inda ya ruɓe. Babu burauzar da ba a samun ɓaraka a cikinta, Chrome ce ko Firefox ko wace ce. Bambancin shi ne, wata masu ita suna toshe ɓarakar kusan kowane wata, wata kuma an daina waiwayarta shekara da shekaru. Ita wannan ta biyun muke magana a kai.

Mu fara da kwamfuta. Ka shiga shagon buga takardu a Tasawa ko Mayahi, inda ɗalibi ke kawo takardar neman aiki, ɗan kasuwa ke kawo rasit a buga masa. Sau da yawa kwamfutar da ke kan tebur ta gwanjo ce, ta yi aiki a wani ofis a Turai kafin ta iso hannunmu, tana ɗauke da Windows 7. A ƙasan allonta akwai harafin e mai shuɗi da zoben rawaya. Wannan ita ce Internet Explorer, wadda kamfanin Microsoft ya fito da ita a 1995, kuma ta yi zamaninta, don akwai lokacin da kusan duk duniya da ita ake shiga intanet. Amma tun a watan Janairun 2010, bayan wani kutse da aka yi wa kamfanin Google ta hanyar wata ɓaraka da ke cikinta, hukumomin tsaron kwamfuta na Jamus da Faransa suka shawarci jama'arsu da su koma wata burauza har a gyara. A watan Afrilun 2014 hukumar tsaron cikin gida ta Amurka ta ba da irin wannan shawara. Daga ƙarshe shi kansa Microsoft ya yi mata ritaya ranar 15 ga Yunin 2022, ya maye gurbinta da Edge. Windows 7 kuwa tun 14 ga Janairun 2020 aka daina aiko mata da gyara.

Ka duba fa, mai abu ya ce ya bar shi, mu kuma muna nan muna shigar da kalmar sirrin imel ɗinmu a ciki.

Kashe Internet Explorer ba wuya. Amma ka fara sauko da wata burauzar tukuna, kada ka rufe wannan ka rasa ta shiga. Sannan ka buɗe Panneau de configuration, ka shiga Programmes, ka latsa inda aka rubuta Activer ou désactiver des fonctionnalités Windows. Jerin sunaye zai fito, kowane da ɗan akwati a gefensa. Ka nemi Internet Explorer, ka cire alamar da ke akwatinta, ka amince, ka sake kunna kwamfutar. Shi ke nan. Sai dai in faɗa wa masu shaguna gaskiya: a kan Windows 7, ita ma Chrome ta tsaya a lamba 109 tun farkon 2023, ba ta ƙara gaba ba. Firefox ce ta fi daɗewa tana kula da irin waɗannan kwamfutoci, da samfurinta na 115. Don haka kwamfutar da ta tsufa haka, a bar ta ga buga takardu da fitar da su, aikin da take yi da kyau. Abin da ya shafi kuɗi ko takardun mutane na sirri, a nemi wadda ake sabunta ta.

Yanzu mu koma ga waya, don nan ne maganar ta fi shafarmu. A ƙauyukanmu mutum nawa ne ke da kwamfuta? Amma wayar shafa ta shiga gidaje da dama. Wata ɗan ci-rani ne ya kawo ta daga Kano ko Agadas, ya yi shekara biyu da ita, ya sayi sabuwa ya ba ƙanensa, ƙanen ya ba uwa. Waya tana tsufa tana sauya hannu, manhajar cikinta kuwa tana nan yadda ta fito daga kamfani.

Tsofaffin wayoyin Android, waɗanda suka fito kafin samfurin 4.4 na shekarar 2013, suna zuwa da wata burauza ta kansu. A 2014 wani mai bincike ɗan Pakistan, Rafay Baloch, ya nuna cewa mugun shafi zai iya leƙa abin da ke cikin wani shafin da ka buɗe a wannan burauzar, alhali ƙa'ida ita ce kowane shafi ya tsaya a iyakarsa. A farkon 2015 aka tabbatar cewa Google ya daina gyara wannan ɓangare a waɗancan tsofaffin wayoyi. Wanda ke riƙe da irinsu har yau, ɓarakar tana nan a buɗe.

Kuma kada mu ɗauka cewa duk abin da ya zo cikin kwali daga kamfani lafiyayye ne. A shekarar 2020 wani kamfanin tsaro mai suna Upstream ya ba da rahoton cewa an samu wayoyin Tecno W2 kusan dubu 53 ɗauke da muguwar manhaja tun kafin a sayar da su, a ƙasashe irin su Habasha, Ghana, Kamaru, Masar da Afirka ta Kudu. Aikin manhajar shi ne ta yi wa mai waya rajistar wasu hidimomi na kuɗi a ɓoye, kiredinsa da megarsa su riƙa zurarewa bai san dalili ba. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya ce matsalar ta shigo ne ta hannun wani mai kawo musu kaya, kuma sun fitar da gyara. Ban kawo wannan don in ɓata wata waya ba. Waɗannan wayoyin su ne suka sa talaka ya iya riƙe wayar shafa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na kawo shi ne don mu san cewa "ai da ita wayar ta zo" ba hujja ba ce.

Haka nan sauya burauza ba ya nufin ka ɗauki duk wadda ta zo hannu. UC Browser ta yi farin jini sosai wajen matasa saboda saurin sauko da bidiyo. Amma a 2015 cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a Kanada ta gano tana aika bayanan mai waya, har da lambar shaidar wayar da abin da yake nema a intanet, ba tare da kariyar kirki ba. A 2020 Indiya ta haramta ta tare da wasu manhajoji 58. Opera Mini kuma, wadda da yawanmu muka fara intanet da ita, tana rage cin mega ne saboda shafin yakan bi ta kwamfutocin kamfanin a matse shi kafin ya iso gare ka. Don karanta labarai da duba sakamakon ƙwallo ba laifi. Amma in za ka shigar da kalmar sirri ko ka taɓa kuɗi, gara burauzar da ke haɗa ka da shafin kai tsaye.

To me za a yi? Ɗauki wayarka, in tana kusa. Shiga Play Store ka duba ko akwai Chrome ko Firefox, in akwai ka ga an rubuta Mettre à jour, ka latsa ta sabunta. In babu, ka sauko da ɗaya. Wayar da ta kwana biyu har Chrome ta daina karɓarta, a gwada Firefox, don takan karɓi wasu wayoyin da Chrome ta bari. Bayan nan ka shiga Paramètres, ka shiga Applications, ka nemi Applications par défaut, a wajen Navigateur ka zaɓi sabuwar. Wannan matakin shi ne mutane suke mantawa. Sai mutum ya sauko da sabuwar burauza, ya ji ya gama, alhali duk abin da ya latsa a WhatsApp tsohuwar ce ke ci gaba da buɗewa.

Sannan ka koma jerin manhajojin ka latsa sunan tsohuwar. Galibi ba za ka ga wajen goge ta ba, tunda da ita aka gina wayar, amma za ka ga Désactiver. Kafin ka latsa shi, shiga Stockage ka share bayanan da ta tara, don kalmomin sirrin da ta adana su tafi. In akwai wanda ba ka riƙe a ka ba, rubuta shi a takarda tukuna. A wasu wayoyin za ka tarar maɓallin Désactiver ya dushe, ba ya latsuwa. Kada ka damu. Shiga Autorisations ka ƙwace mata izinin ganin lambobin mutanenka da hotunanka da inda kake, ka rufe sanarwarta, ka bar ta nan. Tallace-tallacen nan da ke faɗowa saman allo, wasu har da hotunan da mutum ba zai so ƴaƴansa su gani ba, sau da yawa daga nan suke, kuma za ka ga sun ragu. Abu ɗaya ne ba a kashewa: in ka ga Android System WebView, bar shi. Wasu manhajojin da shi suke nuna shafuka, sabunta shi ake yi.

Na san inda gizo ke saƙar, wato tsadar mega. Mutumin da ya sayi ta kwana ɗaya a Airtel ko Moov ko Zamani don ya ji muryar ɗansa da ke ci-rani, ba zai so ta ƙare wajen sabunta manhaja ba, shi ya sa da yawa suke rufe sabuntawar gaba ɗaya. Kuma shi ya sa ake zuwa wajen mai caji. Duk wanda ya ci kasuwar ƙauye ya san teburin nan: faifan sola a jingine, batir a ƙasa, wayoyi jere kowace da igiyarta, yaro na zaune da tasa wayar yana tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi da fina-finai ta Xender. In ka ce a sa maka burauza, daga wayarsa zai turo maka. Shi ma wani ne ya tura masa, wancan ma haka. Wace shekara aka sauko da ita, daga ina, wani ya taɓa cikinta ko bai taɓa ba, babu mai iya faɗa maka. Ga shi kuma kafin ta shiga sai an buɗe wa wayar izinin karɓar manhaja daga wajen Play Store, kuma ba kasafai ake tunawa a rufe ba.

Don haka kirana na musamman ga ƙannenmu masu caji da masu gyaran waya ne. A garuruwa da yawa ku ne malaman waya. Dattijo zai miƙo muku wayarsa ba tare da ya tambayi komai ba, tsohuwa za ta faɗa muku lambar sirrinta don ku duba mata ko kuɗin da aka turo ta Nita ko Amana sun shigo. Amana ce babba. Idan waya ta zo hannunku, ku duba burauzar da ke buɗe mata shafuka. In tsohuwar burauza ce ku kashe ta, ku sauko da sabuwa daga Play Store, ko da za ku ƙara ɗan wani abu a kan kuɗin aikinku, ku gaya wa mai ita dalili. Wanda ya rasa kuɗin buhun wake saboda shafin ƙarya zai gwammace da ya biya wannan.

Sabuwar burauza tana da wani amfani da za ka gani da idonka. Idan ka latsa adireshin da aka riga aka san na ƴan damfara ne, Chrome da Firefox sukan tare ka da jan allo mai gargaɗi. In ka ga wannan, koma baya, kome daɗin alkawarin da aka yi maka. Amma ba kowane shafin ƙarya suka sani ba, sabo yakan wuce. Shafin da ya ce ka rubuta lambar sirrin Airtel Money ko Moov Money don a ba ka kyauta, rufe shi, ko wace burauza ce ta buɗe shi. Wanda kuma aka riga aka cuta, ya kai ƙara wajen ƴan sanda ko jandarma, kada kunya ta hana shi. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, akwai kuma hukumar kare bayanan jama'a ta HAPDP a Yamai.

Saura wayar da ta tsufa har Play Store ya daina ba ta kowace sabuwar burauza. Ba sai an jefar da ita ba. A yi kira da ita, a saurari rediyo da karatu, a haska fitila. A cire imel da duk wata manhajar kuɗi daga cikinta, a daina latsa adireshin da aka turo. In za a aika kuɗi ko a karɓa, a yi amfani da lambobin nan da ake dannawa masu farawa da tauraro, waɗanda ba sa bi ta intanet, ko a taka zuwa wajen wakili.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai wani mako in Allah ya kai mu. A huta lafiya.