Jadawali Biyu a Wuyan Ɗalibi Ɗaya: Yinin Ɗan Bakin Dajin Rugu a Kwaleji

Kowane ɗalibin kwaleji yana da jadawalin da ake liƙa masa a allon sanarwa: lakca ƙarfe kaza, gwaji ranar kaza, miƙa aikin jinga kafin ƙarfe kaza. Mu da muka fito daga ƙasar Batsari da ta Safana muna da jadawali na biyu, wanda ba a liƙa shi a bango, ba kuma mu muke tsara shi ba. Wayar salula ce ke kawo mana shi, a lokacin da ta ga dama. Ina so in ba mai karatu labarin wata Talata guda daga zangon karatun da ya gabata, domin a ga yadda jadawalin nan biyu suke karo a kan mutum ɗaya, a kuma auna abin da yankinmu yake asara duk ranar da suka yi karon.

Ina shekara ta biyu a wata kwalejin horar da malamai, ina neman takardar NCE. Mahaifata wani ƙauye ne a yammacin Batsari, inda mutum kan hango duhun dajin Rugu idan ya hau tudun bayan gari. Iyayena sun baro shi shekarun baya, suna zaune a ɗakin haya cikin garin Batsari, mahaifina yana leƙa gona idan hanya ta yi kyau. Abokin ɗakina kuwa mutumin ƙasar Safana ne, daga wajejen Runka. Ɗaki ɗaya muka kama a bayan makaranta: katifa biyu, risho ɗaya, bokiti ɗaya.

Ranar da nake magana a kanta na farka ƙarfe huɗu da rabi. Kafin in taɓa buta sai da na duba waya, haka shi ma abokina. Wannan ya zame mana al'ada. A wurinmu, dare mai kyau shi ne wanda waya ba ta yi ƙara ba. Babu kira, babu saƙo, muka yi hamdala, muka nufi masallaci. Da muka dawo kowa ya buɗe littafi a hasken tocila, domin abubuwa huɗu ne ke jiran mu: gwaji da hantsi, miƙa aikin jinga kafin azahar, wani gwajin ƙarfe uku, sannan gwajin koyarwa a gaban aji bayan la'asar. Ban da lakcoci uku da ke tsakaninsu.

Lakcar farko ƙarfe bakwai ce, amma wanda ya zo ƙarfe bakwai ya makara. Zauren yana cika tun shida da rabi, kuma idan babu wuta babu lasifika, don haka wanda ya zauna a baya motsin bakin malami kawai zai gani. Koko da ƙosai a tafe muka sha. Na sami wuri a layi na biyar, abokina ya zauna a kan taga, littafinsa a gwiwa.

Wanda bai yi karatun nan ba zai iya tambaya, mene ne abin tashin hankali a gwajin minti ashirin? Ga amsar. A tsarin karatunmu maki 100 na kowane darasi kashi biyu ne: 40 na gwaje-gwaje da ayyukan jinga na cikin zango, 60 na babbar jarrabawa. Sannan ana buƙatar ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na lakcoci kafin ya cancanci zama jarrabawar. Wanda gwaji ɗaya mai maki 20 ya wuce shi ya shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya. Idan ya faɗi darasin, zai sake ɗaukar sa a shekara mai zuwa tare da ƙannensa, kuma sau da yawa lokacin lakcar tsohon darasin yana cin karo da na sabo. Daga nan ne karatun shekara uku yake zama na huɗu, kuɗin haya da na rajista su ƙaru, uba ya fara tambayar ɗansa yaushe ne za a gama.

Gwajin farko a kan ilimin halayyar ɗan Adam ne. Tambaya ta biyu ta ce mu bayyana matakalar buƙatu ta Abraham Maslow, masanin nan na Amurka da ya fitar da ra'ayinsa a 1943, mu kuma nuna alaƙarta da koyon yara. Maslow ya ce buƙatun mutum hawa-hawa ne: abinci da ruwa da barci a ƙasa, tsaro a samansu, sannan ƙauna da daraja da cikar buri. Wanda bai sami na ƙasa ba, da wuya hankalinsa ya kai ga na sama. Da na karanta tambayar, ƙanena ne ya faɗo mini a rai, yaron da har yau idan ya ji rugugin babura da yawa sai ya shige ƙarƙashin gado. Abin da Maslow ya rubuta a takarda, mu a tsakar gida muka karance shi. Ban taɓa amsa tambaya da sauƙi irin wannan ba, ban kuma taɓa jin nauyin amsa irin nata ba.

Daga zauren gwaji sai shagon buga takardu. Aikin jingar na rukuni ne, sunan mutum goma a bango, amma mu uku muka yi shi, kamar yadda aka saba. Malami ya ce ba zai karɓi rubutun hannu ba, sai na kwamfuta. Layi ya kai bakin titi, janareta yana ta ƙara, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin buga shafi ɗaya bai daina hawa ba. Na ƙirga abin da ke aljihuna: ko in biya kasona na bugu, ko in ci abincin rana. Na biya bugu. Gaskiya ne rancen ɗalibai na NELFUND, wanda aka fara nema a 2024, ya share wa wasunmu hawaye da naira 20,000 ta ɗawainiya a wata. Sai dai ɗan gidan da aka raba da gonarsa ba ya cin kuɗin nan shi kaɗai. Ranar da saƙon banki ya shigo, a ranar rabinsu ke kama hanyar gida.

Mun miƙa aikin saura minti goma a rufe karɓa. Mun idar da sallar azahar ke nan, muna zaune a gindin dalbejiya muna yi wa juna tambayoyin gwaji na biyu, sai wayar abokina ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙe tsaye kafin ya amsa. Ban ji abin da aka faɗa masa ba, amma na ga takardun hannunsa sun zube. Da ya kashe wayar ya ce mini, "An ɗauke Yaya a gona. Baba ya ce in zo." Na ce masa, "Saura awa ɗaya gwaji. Ka daure ka rubuta, sai ka tafi." Ya dube ni ya ce, "Idan na kai ƙarfe huɗu a nan, wace mota ce za ta shiga garinmu?" Gaskiyarsa. Direbobin hanyarmu ba sa yarda magariba ta riske su a daji. Gaba kura, baya sayaki. Na zazzage masa abin da ya rage a aljihuna, na raka shi bakin titi, na dawo na zauna gwaji. Har yau ban san abin da na rubuta ba.

Bayan la'asar na tsaya a gaban abokan karatuna, alli a hannu, ina koya musu haɗa baƙi da wasali kamar yaran aji ɗaya, malami yana gefe yana ba da maki. Ya ce muryata ba ta fita sosai, kuma malamin firamare dole ya riƙa sakin fuska. Na ce, "To, Allah Ya gafarta Malam." Bai san komai ba, ni ma ban faɗa masa ba. Da dare na dafa garau-garau na mutum biyu bisa sabo, na ci rabi na rufe rabi. A da ɗalibai kan kwana a azuzuwa suna karatu, amma tun da aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga masaukinsu a watan Oktoban 2023, kowa ya koyi komawa ɗaki da wuri. Na buɗe littafi, waya tana gefena, ido ɗaya a shafi ɗaya a kanta.

Kwana tara abokina ya yi. An sayar da shanun noma biyu da abin da ke rumbu, dangi suka yi karo-karo, Allah Ya kuɓutar da yayansa. Da ya dawo ya je ya roƙi a ba shi damar rubuta gwajin da ya wuce shi. Aka ce ya kawo shaida. Wace shaida? Marar lafiya yana da katin asibiti. Wanda aka sace wa ɗan'uwa, wa zai ba shi takarda? Ban ga laifin malamin gaba ɗaya ba, domin ya sha jin ƙarya daga bakin ɗalibai, wasu sun kashe kakanninsu sau uku a zango ɗaya don su tsere wa gwaji. Laifin na tsarin ne da bai tanadi gurbin irin wannan uzuri ba. Abokina ya faɗi darasin da 'yan makin da ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Ranar da sakamako ya fito ya ce mini zai haƙura da karatun, ya tafi Abuja ko Legas ya yi acaɓa, ya maida wa mahaifinsa shanunsa.

A nan ne maganar ta wuce ta mutum ɗaya. Mu ne yaran da suka yi sakandare a shekarun da abin ya fi muni. Muna makaranta aka kai harin Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari a watan Fabrairun 2020. Muna makaranta aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamban shekarar, aka rufe makarantu. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, ya zama sai mutum ya yi tafiya zuwa Katsina kafin ya kira waya ko ya cike takarda a intanet. Wanda ya ratso wannan duka har ya kai kwaleji, ba ragon ɗalibi ba ne.

Kuma yankinmu ba shi da wasu malaman gobe sai mu. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da tsarin ilimin ƙasa ya yarda a koyar da ita. An yi zaman sulhu a Jibiya da Batsari da wasu maƙwabtansu a 2025, muna kuma roƙon Allah Ya sa ya ɗore. To idan mutane suka koma garuruwansu, aka share azuzuwan da ciyawa ta cinye, wa zai shiga ya koyar? Malamin da aka turo daga birni zuwa Wagini ko Ruma ko Zakka, tun kafin ya sauke jakarsa zai fara neman canjin wurin aiki, ba kuwa za a zarge shi ba. Wanda zai zauna shi ne wanda uwarsa take garin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka duk ɗalibin Batsari ko Safana da ya ajiye karatu saboda maki 20, aji guda ne na yara ya rasa malami. Jihar da aka buɗe Kwalejin Katsina a cikinta a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka koyi aikin malanta kafin su shugabanci jama'a, ta fi kowa sanin darajar malami ɗaya.

Abin da muke roƙo ba sassaucin maki ba ne. A ba mu tambayoyin da ake ba kowa, a duba mu da jan biron da ake duba kowa. Roƙonmu huɗu ne. Na farko, manyan makarantun jihar nan su rubuta ƙa'ida bayyananna ta sake gwaji ga wanda matsalar tsaro ta shafa, su karɓi takardar mai unguwa ko dagaci da hatimin hakimi a matsayin shaida. Fadar Sarkin Ruma a Batsari da ta Yariman Katsina a Safana sun san gidan da aka shiga da wanda ba a shiga ba. Na biyu, sassan karatu su riƙa zama su tsara ranakun gwaji tare tun farkon zango, maimakon kowane malami ya jira makon ƙarshe. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Na uku, ƙananan hukumominmu su ware tallafi ga masu karatun malanta, a biya shi a farkon zango lokacin da ake buƙatarsa, ko da da sharaɗin mutum zai koyar a ƙauyukan yankin na wasu shekaru. Da yawanmu za mu sa hannu da murna. Na huɗu namu ne mu ɗalibai: mu daina ƙarya da musiba. Duk wanda ya ƙirƙiri rasuwa ko satar mutum don ya guje wa gwaji, ƙofa ya rufe wa ɗan'uwansa mai gaskiya.

Abokina bai tafi Legas ba. Yayan nasa ne ya hana, ya ce idan ya bar makaranta to ɓarayin sun ci riba biyu. Yanzu yana maimaita darasin, yana gudu tsakanin zaure biyu duk ranar Talata. Ni kuwa duk dare nakan kira mahaifiyata kafin in kwanta. Ba ta taɓa tambaya ta maki nawa na ci ba. Tambayarta ɗaya ce, ko na ci abinci, sannan ta ce, "Mu ma lafiya lau, ka yi karatunka." Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya nuna mana ranar da ɗalibin Batsari da na Safana zai tashi da asuba ya fara da buta, ba da waya ba.